Fam 35 na biya don in leƙa jirgin ruwa, kuma ban yi da-na-sani ba

Tun tasowata a Gombe, ruwa mafi girma da na sani shi ne na madatsar Dadin Kowa, kuma ko kwale-kwalen masunta na wurin ban taɓa yarda na sa ƙafa ba. Sai ga 'yata ta fari, wadda ta yi karatu a Southampton ta Ingila ta kuma samu aiki a can, ta dage sai ta sa ni da babanta a jirgin ruwan shaƙatawa mun yi mako guda a teku. Da na je ganinta na ce mata, yarinya, ba a cinikin biri a sama. Ta ce, "Mama, ai akwai ranar da suke buɗe jirgin ga masu niyya, a zagaya da mutum, a ba shi abincin rana. Amma fa biya ake yi."

Da na gaya wa maigidana Alhaji ta waya, ransa bai so ba. Ya ce, "Hajiya, shekara 30 ina kasuwar Tudun Hatsi, ban taɓa karɓar sisi a hannun wanda ya damƙi masara don ya duba ba. Ɗanɗano a wuyan mai talla yake." Gaskiyarsa ce, kuma har yau ina jin nauyin maganar. Duk da haka na je.

Ga yadda abin yake. Jirgi na isowa da asuba, tsofaffin fasinjoji su sauka, sababbi su fara shiga da rana, da yamma ya tashi. A wannan ɗan tsakanin ake shigar da baƙi. Tun kwanaki kafin ranar an karɓi bayanan fasfonmu, a ƙofa kuma aka bincike mu tamkar a filin jirgin sama. Daga tashar nan ta Southampton ne jirgin Titanic ya tashi ranar 10 ga Afrilu 1912, kuma nan ne gidan jirgin Queen Mary 2 mai tsawon mita 345. Namu bai kai shi ba, amma da na ɗaga kai daga ƙasa sai da na dafe mayafina.

Sauran baƙin hankalinsu na kan wurin ninkaya da zauren wasanni. Ni abin da ya kai ni daban ne. Da muka shiga ɗakin da ya fi araha, wanda ba shi da taga ko ɗaya, na jira mutane suka rage, na ciro sallayata daga jaka na shimfiɗa tsakanin gado da ɗan teburin. Ta shiga, amma da ƙyar, kuma ta fuska ɗaya kawai. Jirgi kuwa yana tafiya yana juyawa, alƙibla ba za ta tsaya inda ɗaki ya ga dama ba. A ɗaki mai baranda sai na ga akwai sararin da zan karkata ta yadda nake so. Na leƙa banɗaki na gwada ɗaga ƙafa zuwa wurin wanke hannu, na tabbatar gwiwar Alhaji ba za ta iya ba, sai mun zo da butarmu. Wane hoton intanet ne zai gaya mini wannan?

A wurin cin abinci na tambayi ma'aikacin ko naman yankan Musulmi ne. Ya amsa da ladabi cewa ana tanada, amma sai an sanar da su makonni kafin tafiya. Kifi na ci, ya kuwa yi daɗi. Masallaci babu a wannan jirgin. Mashaya kuma kusan kowane hawa akwai ta, har da ɗakin caca da za ka ratsa ta gefensa. A rufe yake, don ba sa buɗe shi sai an bar tasha. Wannan ya sa na fahimci cewa jirgi mai barci aka nuna mini. A ɗaure yake, ba ya ko motsi, saboda haka tambayar da ta fi damuna, ko jiri da amai za su kama ni a tsakiyar teku, da ita na koma gida.

Abin da bai yi mini daɗi ba shi ne ƙarshen. Aka zaunar da mu, aka ce duk wanda ya yi rajista a ranar za a cire masa kuɗin zagayen daga na tafiya. Yarinyar har ta ciro kati, na riƙe hannunta. Sai da na yi ta tono kafin aka faɗi cewa intanet da kuɗinsa, fita yawo a kowane gari da kuɗinsa. Babu kuma wanda ya tabo maganar biza. Jiragen Southampton da yawa Norway suke nufa ko Sifaniya, mai koren fasfo irin namu kuwa sai da bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai, ga ta Ingila da dole ta ba shi damar sake shigowa. Da mun biya a ranar, da wahalar nan ta same mu daga baya.

Don haka wanda kawai yake son hoto da cin abinci, ya riƙe kuɗinsa. Amma mai shirin zuba miliyoyin naira, musamman irinmu da sallah da abinci ke gaba da komai, fam 35 ba asara ba ce.

Ba mu yi rajista ba. Da na dawo na zayyana wa Alhaji komai, sai ya ce ya ji Saudiyya ta ƙaddamar da nata jirgin, Aroya, a Disambar 2024, yana tashi daga Jidda ya zaga Bahar Maliya, kuma ba a sayar da giya a cikinsa. Yanzu shawarar da muke yi ita ce a haɗa shi da umara. Ya ce in sa yarinyar ta tambaya ko su ma suna bari a leƙa tukuna, ko nawa ne zai biya.