Kafin ka sa hannu a takardar inshorar karenka

Ina da gidan gonar kaji a kan hanyar Dass, nesa kaɗan da cikin garin Bauchi, kuma tun da ɓarayi suka fasa mini sito na koma dogaro da karnuka wajen gadi, bayan Allah. Yanzu ina ganin ƙannenmu suna sauko da 'yan kwikwiyo daga Jos da kuɗi masu nauyi, wasu har sun fara tambayata batun inshora. Zan faɗi inda na yi tuntuɓe, don kada ku bi ta wajen.

Kwikwiyona na farko irin na Jamus ne, wata biyu da haihuwa. Mai sayarwa ya ce an yi masa allura, ni kuma ban nemi kati ba. Bai cika mako uku a hannuna ba ya daina cin abinci, sai amai, sai zawo da jini mai warin da har yau ban manta ba. Cutar fabo ce, wadda ke cinye hanjin ƙananan karnuka. Kwana uku ana yi masa ƙarin ruwa, a na huɗu ya mutu. Likitan dabbobi ya ce mini, "Alhaji, allura ɗaya ba ta isa. Ana farawa ne daga mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa duk bayan mako 3 ko 4 har ya kai wajen mako 16." Na tsaya ina kallon dabbar da aka ba ni amanarta, na san sakacina ne ya kai ta nan.

Zafin wannan rashi ne ya sa da na samu wani kare mai suna Duna, na yi gaggawar yi masa inshora. Wani wakili ya same ni a shago, ya yi mini bayani mai daɗin ji, na biya kuɗin shekara, na jefa takardar a cikin akwati ban karanta ko shafi ɗaya ba. A zuciyata na gama da damuwar asibiti.

Da damina ta sauka kaska ta yi yawa a gonar. Duna ya kwanta, dasashinsa ya yi fari fat, fitsarinsa ya koma ja kamar zoɓo. Gwajin jini ya nuna ciwon da kaska ke sawa. Na kashe abin da na kashe, Allah ya tashi kafaɗunsa, na tattara rasit na kai. Amsar da ta dawo ita ce ba za a biya ba. Raina ya ɓaci, na ɗauka cuta ce. Sai da na zauna da takardar da dare na ga komai a rubuce yake.

Abu na farko, kafin in yi inshorar Duna ya taɓa yin irin wannan ciwon, kuma yana cikin littafin likita. A tsarin inshorar dabbobi kusan ko'ina a duniya, ciwon da ya riga yarjejeniya ba ya shiga ciki. Shi ya sa wanda zai yi, ya yi tun kare na ƙarami yana da lafiya. Na biyu, an gindaya sharaɗin cewa sai na nuna shaidar rigakafi da maganin kaska a kai a kai, ni kuwa yaron gona ne ke wanke shi, babu abin da aka rubuta. Na uku shi ne ya fi ba ni mamaki: mafi yawan takardar tawa magana take a kan mutuwar kare ko sace shi, kuɗin magani ɗan kaɗan ne a gefe. Inshorar da ke biyan darajar kare idan ya mutu daban, wadda ke biyan kuɗin asibiti daban, kuma wakili zai iya kiran kowacce "inshorar kare". Ka tambaye shi kai tsaye wacce yake sayar maka, ya nuna maka layin da yatsa.

Ka fara karatu daga shafin abubuwan da ba a biya. A can za ka ga lokacin jira, wato kwanakin da ke biyo bayan sa hannu, waɗanda idan kare ya kwanta a cikinsu ba ka da komai. A can za ka ga ko sun cire ciwon gado, kamar gocewar ƙugu da ke damun manyan karnuka irin na Jamus. Sannan ka yi lissafi da biro. A ce magani ya ci naira 100,000, kason da kai za ka fara ɗauka 20,000 ne, su kuma suna mayar da kashi 80 cikin ɗari na ragowar. Abin da zai dawo maka 64,000 ne, kuma sai bayan ka biya daga aljihunka. Akwai kuma iyakar abin da za su biya a shekara. Ka tambaya ko suna karɓar rasit ɗin likitan da ke kusa da kai a Bauchi, don babu amfanin takardar da za ta tilasta maka ɗaukar kare mai amai zuwa Abuja. Ka kuma tabbatar kamfanin yana da lasisin NAICOM, hukumar da ke kula da kamfanonin inshora, kada ka miƙa kuɗi a hannun wakili ba rasit. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da inshorar da aka saba ba, akwai tsarin takaful, wato inshorar Musulunci, a ƙasar nan, sai ya tambaya ko suna karɓar dabbobi, ya kuma tuntuɓi malaminsa.

Akwai sashen da ban ko san da shi ba sai ranar da Duna ya kama ƙafar wani yaro da ya shigo tsintar mangwaro. Kakarsa ta zo tana kuka, na ce, "Iya, ki yi haƙuri, duk abin da ya kama ni zan yi." Aka wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, muka tafi asibiti aka fara masa allura, aka ɗaure karen kwana 10 ana lura da shi. Abin da ya kwantar da hankalin kowa shi ne katin allurar haukan kare, wadda tun mutuwar na farko ban sake wasa da ita ba: ana yin ta daga wata 3, a sabunta duk shekara, kuma ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom nan kusa da mu tana sarrafa ta. Ciwon hauka idan alamunsa suka bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Idan za ka biya wa wani sashe kuɗi a takardar inshora, a ganina wanda ke ɗaukar nauyin mutumin da karenka ya ciza shi ne kan gaba.

Ba kowa ne inshora ta dace da shi ba. Mai karen gida ko na farauta, wanda ba tsadar saye gare shi ba, sau da yawa asusu ya fi masa. Ni yanzu biyun nake haɗawa. Duk ranar da na sayar da ƙwai a kasuwar Muda Lawal nakan ware kuɗin kiret ɗaya a wani asusu daban na karnuka. Kowane kare yana da littafinsa rataye a ofishin gona, da ranar allura, da ranar maganin tsutsa da na kaska, da sa hannun likita. Allurar Duna ta gaba farkon watan gobe ce, na riga na sanar da likita.