Ranar da na ce ba wanda ya taɓa bincike a kai

A shekarata ta ƙarshe na shiga ofishin malamin da ke duba aikina ina ji da kaina. Na ce masa batun da na zaɓa, wato yadda ciwon sikila ke taɓa ƙodar yara, fili ne fetal, kusan ba wanda ya yi rubutu a kai. Ko ɗagowa bai yi ba daga takardar da yake yi wa maki. Ya ce, "A ina ka duba?" Na ce PubMed, shafin intanet da ake neman muƙalolin likitanci. Ya ce, "Me ka rubuta a ciki?" Sai na yi tsuru-tsuru, don ban ajiye ba. Ya tura ni ɗakin karatu wurin matar da ke kula da sashen kwamfuta, ya ce in dawo in maimaita maganar idan ina da bakin maimaitawa.

Malamar ta jawo mini kujera, ta ce in sake rubuta abin da na rubuta jiya. Na zuba doguwar jimlar Turanci, na kulle ta da alamar zance gaba da baya. Muƙaloli ba su kai goma ba suka fito. Ta sa yatsa a kan allon ta ce, "Ga inda gizo ke saƙa. Kai ka ɗaure masa hannu, sannan kana cewa bai yi aiki ba."

PubMed na Ɗakin Karatun Likitanci na Ƙasar Amurka ne, an buɗe shi kyauta ga kowa a 1997, kuma bayanan muƙalolin da ke ciki sun haura miliyan 35. Idan ka rubuta kalmomi a sake, shi da kansa yake fassara su, ya haɗa da takwarorinsu. Da zarar ka sa alamar zance, ya daina wannan hidimar, sai ya nemo haruffan yadda ka jera su kawai. Ni kuwa na rubuta anaemia, kalmar ƙarancin jini da ke cikin sunan sikila da Turanci, irin na Ingila, alhali ɗimbin marubuta anemia suke rubutawa irin na Amurka. Harafi ɗaya tak ya raba ni da su. Waɗanda ma suka kira ciwon da wani sunan daban, ba a maganarsu.

Daga nan ta buɗe mini MeSH, jerin kanun batutuwa da aka fara amfani da shi a 1960, ana sabunta shi duk shekara. Kowace muƙala da ta shiga MEDLINE, babbar taskar da ke cikin PubMed, ana liƙa mata kanun da suka dace da ita, ko da wane suna marubucin ya kira cutar. Tsarin kamar bishiya yake: ka kama babban reshe na cututtukan ƙoda, ƙananan rassan da ke ƙarƙashinsa su biyo ka. Da muka haɗa kan sikila da na ƙoda, ɗaruruwa suka zubo. Kunya ta hana ni kallonta.

AND da OR, kalmomin haɗa abubuwan da ake nema, ma a juye na ɗauke su. A zatona AND ƙari yake yi, ashe shi ke matse sakamako, OR ne ke faɗaɗawa. Amma wanda ya fi yi mini ɓarna shi ne NOT. Tunda yara nake nema, sai na ce a cire manya. Abin da ban lura ba, duk binciken da ya haɗa yara da manya a wuri guda ya bi su ya tafi, kuma irin waɗannan su ne masu yawan marasa lafiya, su ne na fi buƙata. Har yau ina ɗari-ɗari da wannan kalmar, na fi so in zauna in tace da idona ko da zai ci mini yini.

Ta kuma ja kunnena cewa mujallun MEDLINE dubu biyar da 'yan kai ne, ba su ne duniya ba. Akwai Embase na kamfanin Elsevier, mai ƙarfi a fannin magunguna, akwai taskar Cochrane ga mai son bitar da ta tattara bincike da yawa, akwai AJOL na mujallun Afirka. Cikakkiyar muƙala kuma, in ba ta cikin PubMed Central, taskar muƙalolin kyauta, a gwada Hinari, shirin samar da mujallu ga ƙasashe masu tasowa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa a 2002, idan makarantar mutum na da rajista.

Wannan yammacin na tsara bincike mai layi goma sha wani abu, na tafi na bar shi. Washegari na tarar da shafin wayam, don PubMed na goge tarihin nema bayan awa 8 ba a taɓa shi ba. Na sake ginawa daga tushe, wannan karon ina kwafe kowane layi a littafi, da kwanan wata, da adadin abin da ya fito.

Da na koma ofis, tambayar dai ita ce, "Me ka rubuta?" Na miƙa masa littafin. Ya bi layukan da bakin biro, ya tsaya a na bakwai, ya ce, "Ina fitar furotin a fitsari? Ai da shi ake fara gane ƙodar ta taɓu. Koma ka ƙara."