Yadda jaruman Indiya suka tsallaka Turai da Amurka, da abin da na ɗauka a aikin faifan gwaji

Aikina shi ne shirya wa matasan 'yan wasa faifan gwaji, wato ɗan bidiyon da ake aika wa masu zaɓen jarumai a ƙasashen waje. Da faifanmu suka yi ta tafiya ba amsa, sai na zauna na bi sawun jaruman Indiya da suka tsallaka, ɗaya bayan ɗaya, tunda su muka tashi muna kallo, kuma salon wasanmu kusan daga wurinsu muka aro shi.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne ba manyan taurarin gida ne suka fi cin kasuwar waje ba. Amitabh Bachchan, duk girmansa, 'yan mintuna ya samu a The Great Gatsby a 2013. Shah Rukh Khan bai taɓa jan fim ɗin Hollywood ba. Waɗanda suka zauna da gindinsu a can su ne irin su Om Puri da Irrfan Khan, kuma dukansu biyu sun fito ne daga makarantar koyon wasan kwaikwayo ta ƙasa da ke Delhi.

Tafiyar Irrfan ita na fi nazari. Ya gama makaranta a 1987. Darakta Mira Nair ta ɗauke shi a Salaam Bombay na 1988, amma aka rage rawar tasa ta koma ɗan guntu, mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin titi. Ya shafe shekarun 1990 yana wasannin talabijin. Ƙofa ta buɗe ne a 2001, lokacin da Asif Kapadia, darakta ɗan Birtaniya, ya ba shi jagorancin The Warrior, fim ɗin da ya ci BAFTA, babbar kyautar fina-finai ta Birtaniya. Sai a 2006 ya sake fitowa a fim ɗin Mira Nair, shekara 18 bayan Salaam Bombay. Daga nan Slumdog Millionaire a 2008 da Life of Pi a 2012 suka biyo. Na mayar da fitowarsa a matsayin ɗan sanda a fim ɗin 2008 ya fi sau ashirin, na kashe sauti ina kallon fuska kawai. Mutumin kusan ba ya motsi. Ido ne ke aiki, sai ɗan jinkiri kafin ya ba da amsa.

A nan na gano cutar faifanmu. Yaranmu suna wasa ne kamar za a gan su daga bayan fili: ɗaga gira, dafe ƙirji, jan numfashi kafin kuka. A hoton kusa wannan duk ya zama hayaniya. Yanzu nakan sa ɗan wasa ya zauna a kan hannayensa ya karanta layin sau uku, sannan in sake shi. Yawanci na ukun ake aikawa.

Tsarin ɗaukar kuwa ba shi da tsada. Waya a kwance, ba a tsaye ba, a kan sanda daidai da tsayin ido. Bango mara ado, toka-toka ko shuɗi. Hoto daga ƙirji zuwa ɗan saman kai. Haske ya zo daga gaba. Idan taga tana bayan mutum mai duhun fata, fuskar ta ɓace ke nan. Mai karanta wa ɗan wasa layin abokin maganarsa ya tsaya dab da waya amma ya sassauta murya, domin ya fi kusa da makirufo, in ba haka ba shi za a ji. Ɗan wasa ya kalle shi, kada ya kalli kyamara, sai a wurin gabatar da kai: suna, tsayi, garin da yake. Mun taɓa asarar faifai mai kyau saboda ƙarar janareta, tun daga ranar da sassafe muke ɗauka, fanka a kashe. Tarin ayyukan baya kuma, wato bidiyon da ya haɗa guntayen finafinan da ɗan wasa ya taɓa yi, kada ya wuce minti biyu zuwa uku, mafi ƙarfi a farko, da fassarar Turanci a ƙasa idan da Hausa aka yi.

Batun lafazi: na daina tilasta wa yara Turancin Amurka. Om Puri da Irrfan da harshensu na gida suka yi aiki. Abin da ake nema shi ne kowace kalma ta fita. Priyanka Chopra ce ta bi wata hanya dabam: ta ƙulla yarjejeniya da tashar talabijin ta ABC da ke Amurka, ta ja shiri mai dogon zango mai suna Quantico daga 2015 zuwa 2018 a matsayin Ba'amurkiya, amma ita ta yi wani ɓangare na karatun sakandare a Amurka, kunnenta ya riga ya saba.

Takardu su ne inda aka fi tuntuɓe. Bizar yawon buɗe ido ba ta halatta aiki. A Amurka ɗan wasa yana bukatar bizar O-1B, wadda ake ba wa waɗanda suka yi fice a fasaha da harkar fim, kuma ba shi ke nema da kansa ba, kamfani ko wakili a Amurka ne ke shigar da takarda, tare da wasiƙar ƙungiyar 'yan wasa. Karon farko bizar ba ta wuce shekara uku. Hujja ake so a rubuce: sharhin jaridu, kyaututtuka, shaidar cewa kai ka ja fim. Shi ya sa nake sa kowane yaro ya buɗe fayil tun fim ɗinsa na farko, ya adana fosta da kwangila da duk jaridar da ta ambace shi. Wakili na gaskiya kashi 10 yake ɗauka, bayan an biya ka. Wanda ya ce a turo kuɗin rajista kafin ya duba faifai, ba ma sake ɗaga wayarsa.