Gwajin da ba wanda ya ce in yi

Wata 4 ke nan da na kwashe kayana daga gidan da na yi shekara 3 ina haya a ciki, kuma har yau in na jawo durowa na ci karo da takardar gwajin DNA da na yi wa karena Duna don gano nau'insa sai in ji wani abu ya tokare min wuya. Mai gida bai nema ba, ejan bai nema ba, ita ma maƙwabciyar da muka yi rigimar ba ta nema ba. Ni na ciro kuɗina na biya, ni na goga audugar a cikin kumatun Duna, ni na aika da ita. Garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka kanta, to ni ne kazar.

Duna baƙin kare ne mai faɗin kai da faɗin ƙirji. Na ɗauko shi yana ɗan wata 8 daga gidan da ake ajiye karnukan da aka tsinta, kuma a takardarsu an rubuta cewa ruwa biyu ne, Labrador da wani abu. Ranar da na je duba gidan haya tare muka je, ejan har ya shafa kansa ya ce ba komai. A yarjejeniyar akwai sakin layi da ya jera nau'in karnukan da aka hana, kuma na karanta shi, kada a ce ban karanta ba: Pit Bull, Rottweiler, Doberman, Akita, Chow Chow, German Shepherd. Ban ga Labrador ba, na sa hannu. Idona ya tsallake 'yan kalmomin da ke ƙarshen jerin, inda aka ce ko duk karen da ya haɗa jini da ɗaya daga cikinsu.

Shekara 2 da rabi ba wanda ya ce uffan, don a gida nake aiki. Da aka ce mu koma ofis sai Duna ya fara wuni shi kaɗai. Mako na biyu na tarar da takarda an turo ta ƙarƙashin ƙofa, daga dattijuwar da muke bango ɗaya da ita, mai jinyar mijinta. Cikin ladabi ta rubuta cewa karena yana haushi tun safe, maigidanta ba ya samun barci. Na karanta na yi tsaki. Duna da ko baƙo ya buga ƙofa sau ɗaya yake haushi ya yi shiru? Na ce a raina ƙin kare ne kawai irin na mutane, na jefar da takardar.

Bayan kwana 10 muka haɗu a matakala, ina riƙe da igiyarsa. Ta ce, "Ɗana, na rubuta maka ba ka ce komai ba. Ni fa na kai maganar wurin ejan. Kuma irin wannan kare ma ban san an yarda da shi a gidan nan ba."

Magana uku ta yi, ta ƙarshen kaɗai na ji. Na ce, "Mama, irin wane kare? Labrador ne, kuma zan kawo miki shaida." Daren nan na zauna na rubuta wa ejan imel mai zafi, na ce ana yi wa karena ƙazafi, zan yi masa gwajin DNA in turo sakamakon kowa ya huta. Daga baya na koma na duba saƙon da shi ejan ya turo min da rana. Layi biyu ne, kan hayaniya. Ko kalma ɗaya babu kan nau'in kare. Ni na shigo da zancen cikin fayil, a rubuce, da sunana a ƙasa.

Sakamakon ya zo bayan mako 3. Labrador ɗin yana nan, amma bai kai rabi ba. American Staffordshire Terrier kashi 31 cikin 100, sauran Boxer da tarkace. Wanda ya daɗe da karnuka ya san Pit Bull laƙabi ne da ake yi wa dangi guda: American Pit Bull Terrier, American Staffordshire Terrier, American Bully, wasu ma har Staffordshire Bull Terrier suke jefawa ciki. Ya kuma san cewa masu gidan ajiyar karnuka da ido suke canka nau'i, su dubi kai da kunne da gashi su rubuta abin da ya zo musu, kuma baƙin kare mai gajeren gashi kusan kullum Labrador ake ce masa. Na san duk wannan, abin da ke ci min rai ke nan. Na sani, amma na ɗauki takardar da wani ya cike cikin minti 2 na kafa rantsuwa a kanta.

Ejan bai manta ba. Ya rubuto yana tambayar sakamakon da na yi alkawari, ni kuma ba zan yi ƙarya a rubuce ba, na tura.

Na haɗa da doguwar wasiƙa, wadda na kwana biyu ina tsara ta kamar lauya. Na kawo masa Holan, da ta haramta Pit Bull a 1993 ta kuma janye haramcin a 2008. Na kawo masa birnin Denba na Amurka, inda dokar hana Pit Bull ta 1989 ta tsaya shekara fiye da 30 kafin masu zaɓe su sassauta ta a 2020. Na ce ko a Birtaniya, da dokarta ta 1991 ta hana nau'i 4, sifar kare ake dubawa a auna, gwajin DNA ba ya yanke hukunci a can. Ban ambaci cewa Ingila ta ƙara XL Bully, wato babban American Bully, a jerin ba, har ya zama laifi riƙe shi ba takardar izini daga Fabrairun 2024, don wannan ba zai taimake ni ba. Na sa wasiƙar likitan dabbobi, na sa shaidar horo, na ce zan yanki inshora ta kaina da za ta biya in ya ciji wani.

Ejan ya kira ni a waya, kuma ban ji mugunta a muryarsa ba. Ya ce, "Malam, ba da dokar ƙasa muke jayayya ba. Jerin nan daga kamfanin inshorar mai gida ya fito." Ya yi min bayanin da ya kamata a ce na gano shi tun farko. Muddin ba wanda ya san komai, Duna Labrador ne a takarda, kowa hannunsa a wanke. Yanzu da akwai shaida a fayil cewa mai gida ya sani, in wani abu ya faru ko da kuskure ne, kamfanin na iya cewa ba ruwansa, asarar ta hau kan mai gida. Shi mai gidan ma ya san Duna, ya taɓa ba shi abu a hannu. Ya ce ba yadda zai yi. Aka ba ni notis: ko kare ya fita ko mu fita tare.

Na tuna masa cewa shi ne ya shafa kan karen ya ce ba komai. Ya ce ya tuna, amma a ina aka rubuta?

Neman wani gidan ne ya nuna min tsadar gwajin sosai. Kowane fom yana da gurbin nau'in kare, kuma yanzu hannuna ba ya iya rubuta Labrador kamar da. Manyan kamfanonin gidaje ba su ko kira ni ba, fom ɗin kawai ke faɗuwa. Mako 7 na yi ina yawo kafin na samu wani mai gida ɗaya tilo da ya yarda in kai masa Duna ya gan shi. Na faɗa masa komai, ya tambayi nasa kamfanin inshorar, aka ce ba su da jeri, tarihin cizo kawai suke tambaya. Wannan karon na sa aka rubuta sunan Duna da launinsa da nauyinsa a cikin yarjejeniya, aka manna hotonsa, muka sa hannu mu biyu a shafin. Wasiƙar likita da shaidar horo da tayin inshora, da ba su tsinana min komai ba a tsohon gida, su suka buɗe min ƙofa a nan. Kafin sa hannu suke da amfani. Duk mai kare da ke neman haya, ya nemi a nuna masa jerin, ya karanta har wutsiyarsa, ya tambayi daga ina jerin ya fito, kuma kada ya karɓi "ba komai" ta baki daga kowa. In kuma yana sha'awar sanin jinin karensa, ya yi gwajin don kansa, ya ga sakamako da idonsa kafin ya buɗe baki ya yi wa wani alkawari. Na biya hayar gida biyu na wata guda, an kuma zaftare min kuɗin ajiya saboda ƙofar da Duna ya kankare.

Ƙofar nan ce ma ta sa na yi abin da ya kamata in yi ranar da takarda ta farko ta zo. Ina cikin kwanakin notis na lura da fentin da ya ɓare ta ciki, sai na jingina tsohuwar waya a kan tebur na kunna ɗaukar bidiyo na tafi aiki. Minti 10 da fitata ya fara. Haushi, kuka, kankarar ƙofa, ya ɗan kwanta ya tashi ya sake, har batirin ya mutu wajen azahar. Kewa ce kawai, karen da ya saba ganina kullum aka wayi gari ba kowa. Na zauna ina kallo kunya ta rufe ni, ina tuna mutumin da ke kwance a bayan bangon.

Maganin ma bai yi wuya ba, shi ya sa abin ya fi ciwo. Doguwar tafiya da asuba har ya gaji, abin taunawa da ake cusa abinci a ciki, wani yaro da ke zuwa ya fita da shi da tsakar rana, da koya masa fitata kaɗan-kaɗan a ƙarshen mako, minti 5, minti 20, awa 1. Cikin mako 3 bidiyon ya koma na kare mai barci.

Ranar tashi ina sauko da kwali na ƙarshe dattijuwar ta leƙo. Ta dubi motar kaya, ta dubi Duna da ke zaune a bakin matakala, ta ce, "Ɗana, ina kuma za ka? Ai ya daina haushin."

Ashe ba ta ma san an ba ni notis ba.