Gwajin Jinin da Ba a Yi Mini Ba Kafin Na Hau Iten

Duk wanda ya ɗauki gudun fanfalaki sana'a ya san Iten, garin nan na ƙasar Kenya da ke bisa tudu mai tsayin kusan mita 2,400, inda 'yan tsere daga sassan duniya ke zuwa su share makonni suna atisaye a kan jar ƙasa. Dalilin zuwan sananne ne: jiki ba ya samun isasshiyar iskar oksijin a can, sai ƙoda ta ƙara sakin sinadarin EPO, shi kuma ya tilasta wa ɓargo ƙera ƙarin jajayen ƙwayoyin jini, ta yadda idan mutum ya sauko ƙasa numfashinsa zai fi ɗorewa. Abin da ba a faye faɗa wa matashi ba shi ne, ɓargo ba ya iya wannan aiki sai da wadataccen sinadarin ƙarfe a ajiye cikin jiki.

Da ladan tsere na shekara guda na biya kuɗin tafiyar, kuma da na tambayi mai horar da ni na wancan lokaci ko akwai buƙatar gwajin jini, cewa ya yi ɓata kuɗi ne tunda ƙafata na gudu lafiya. Har gobe wannan amsa tana yi mini ciwo.

Makon farko kowa na haki, don haka ban damu ba. Amma a atisayen safiyar Alhamis, wanda ɗaruruwan mutane ke tashi tare, a taka da ƙarfi na 'yan mintoci sannan a sassauta, sai na ga waɗanda muka zo tare sun fara riƙe ayari, ni kuwa kullum ƙurarsu nake sha, cinyoyina sun yi nauyi, bugun zuciyata kuma ba ya sauka ko da na wayi gari a kwance. Aka ce raki ne, aka ƙara mini kilomitoci. A tseren da na yi wa wannan shiri duka, gajiyar da ake tsammani bayan kilomita 30 ta riske ni tun ban ci rabin kilomita 42.195 na gudun fanfalakin ba, na ƙarasa da jan ƙafa.

Likitar da na gani daga baya fatar idona ta fara ja ƙasa, ta ga cikinta ya koɗe, sannan gwajin feritin ya nuna ajiyar ƙarfena ta kusa ƙarewa. Ta bayyana mini cewa mai gudun nesa yana asarar ƙarfe ta gumi da ta fashewar ƙwayoyin jini saboda dukan da tafin ƙafa ke yi wa ƙasa, kuma shan shayi tare da abinci yana rage abin da hanji ke tsotsa. Mayar da ajiyar ya ci watanni, kakar tsere guda ta wuce ina kallo.

Matasa suna jin cewa Eliud Kipchoge, ɗan tseren Kenya wanda ya kammala gudun fanfalaki cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana na Ostiriya a 2019, a tudun Kaptagat na Kenya yake atisaye, sai su ɗauka tudun kaɗai ya isa. Ni yanzu ba na sayen tikitin jirgi sai na ga sakamakon feritin, da tazarar da za ta isa a gyara idan ya yi ƙasa, kuma ba na shan ƙwayar ƙarfe sai da umarnin likita, domin idan ya yi yawa hanta yake lahantawa.