Waye ke sanar da makanike?

Jiya a garejin Apo da ke Abuja na ga wani mai wayarin, da ƙyar ya kai shekara ashirin, ya shige ƙarƙashin wata doguwar bas, silifas a ƙafa, sifana a hannu, ko kan batir bai cire ba. Na ce masa, "Ƙanena, ba ka tsoron wuta?" Ya ce, "Yallaɓai, ai mun saba." Wallahi har yanzu abin na damuna.

Bas mai dizal volt 24 take amfani da shi, amma in sifana ta haɗa kawuna biyu na batir, nan take za ta yi jajir ta ƙone hannu. To ina ga bas mai lantarki, wadda batirinta ke kai volt 600 ko fiye? Wayoyinta masu launin ruwan lemo, waɗanda ke ɗauke da wannan babbar wuta, kisa suke yi, kuma kashe makulli kaɗai ba ya raba su da wuta.

A Afrilun 2022 hukumar sufurin Paris ta janye bas masu lantarki 149 daga hanya bayan biyu sun kama da wuta. A Amurka, in aka gano tangarɗar ƙira mai haɗari a mota, dole kamfani ya rubuta wa mai motar ya kuma gyara kyauta. Amma motar da ta shigo mana ta hannu na uku, wa zai kawo takardar nan Apo?

Masu shigo da bas, don Allah ku riƙa bincika lambar chasis kafin saye don ganin ko kamfani ya sanar da wata tangarɗa, ku haɗo wa makanikai littafin gyara da safar hannu ta roba mai tare wuta.