Abin da na gani a gudun Sifan Hassan daga Eindhoven

Na bar Jega zuwa ƙasar Holan da takardar karatu, kuma abin da ya fara gigita ni a birnin Eindhoven shi ne duhun hunturu, domin kafin ƙarfe biyar na yamma rana ta faɗi, mutum ya fito daga aji ya hau keke cikin yayyafi da iska mai ratsa ƙashi. Rajista a ofishin ƙaramar hukuma da neman ɗakin haya duk sun zo sun wuce, amma harshen mutanen ƙasar ya daɗe yana ba ni wuya, ga kuma kewar gida da takan taso da zarar an idar da sallar isha'i.

A wannan hali na san labarin Sifan Hassan, 'yar tseren gudu ta ƙasar Holan. An haife ta a garin Adama na Habasha a 1993, ta iso Holan a 2008 a matsayin 'yar gudun hijira tana da shekara 15, ta fara gudu tana karatun aikin jinya, sannan ta sami takardar zama 'yar ƙasa a 2013. A gasar Olamfik ta Tokiyo ta ci zinare a mita 5,000 da mita 10,000, ta haɗa da tagulla a mita 1,500.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne gudun yada-ƙanin-wani na Landan a watan Afrilun 2023, wanda shi ne na farko a rayuwarta. Tazararsa kilomita 42 da ɗoriya ce, wato ya ɗara tafiyar Jega zuwa Birnin Kebbi, kuma ta yi atisayen ƙarshe ne cikin Ramadan tana azumi. Ni ma na yi wannan azumin a nan, na san yadda yinin ya yi tsawo. Ana tsakiyar gudun ƙugunta ya riƙe, ta tsaya a gefen titi tana miƙe ƙafa, na gaba suka yi mata nisa har masu sharhi suka fidda rai. Sannu a hankali ta cim musu, ta miƙa wa abokiyar karawarta gorar ruwanta, sannan ta wuce kowa cikin awa 2 da minti 18 da daƙiƙa 33.

Da ta ci zinaren irin wannan gudu a gasar Olamfik ta Faris a 2024, bayan tagulla biyu a gasar guda, ta hau dandamali da hijabi, aka ɗaga mata tutar Holan. Na tura wa Inna hoton, washegari ta kira ni ta ce, "Ɗiyar Musulmi ta, Kabiru?" Na ce, "Ƙwarai kuwa, Inna." Ta yi mata addu'a mai tsawo.

Tun daga lokacin na daina ɓoye sallata a wurin aiki; na nemi ɗan wuri, aka ba ni ba tare da wata gardama ba. Na kuma shiga wata ƙungiyar masu gudu ta unguwarmu, inda na fi koyon harshen fiye da yadda na koya a aji, saboda bayan atisaye akan zauna shan shayi ana hira. Abin da ke damuna shi ne yaranmu na ƙauyukan Kebbi da ke taka kilomitoci zuwa makaranta da gona kullum, babu mai auna gudunsu da agogo, balle ya kai su gaban koci. Idan na zo hutu ina da niyyar in zauna da malaman wasanni na makarantun Jega a kan wannan magana.